Zaren da Goggo Mai Keke ta Ja

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban Goggo Mai Keke ya san ba fuskarsa take fara kallo ba. Kana gaishe ta tana amsawa, amma idonta yana kan wuyan rigarka, daga nan ya bi hannu, ya gangara kalmasa. In ta hango zare yana reto, to gaisuwa ta tsaya ke nan. Za ta miƙo hannu ta naɗe shi a yatsa, ta tsinke shi da fizga ɗaya, sannan ta ce, "To, me kake cewa?" Ta yi wa mai kawo takardar wuta, ta yi wa ɗan sanda, ta yi wa surukinta ranar da ya fara zuwa gaishe ta yana gumi. Abin haushin kuma, ita ce mai yi wa mutane faɗa cewa zare ba a jansa, almakashi ake sa masa. In an tuna mata sai ta ce ai hannunta da nasu ba ɗaya ba ne.

Shagonta yana ƙasan benen da suke zaune, tsakanin kantin magani da mai gyaran agogo. Ɗan ɗaki ne da in mutum biyu suka shiga, na ukun sai ya tsaya a bakin ƙofa. Baƙin keken ɗinki mai tafiya da ƙafa, teburin yanka, madubi da ya tsage a kusurwa ɗaya, sai kwandon ƙyallaye a ƙarƙashin tebur. Shekara talatin da huɗu tana nan. Da wannan keken ta raini 'ya'ya uku har kowa ya kama gabansa. Yanzu ba ta cika ɗinka sabo ba, gyara ya fi yawa: rage tsawon wando, canza zif, buɗe rigar da ta matse mai ita bayan haihuwa. Amma ko maɓalli ɗaya ta sa, ba ta miƙa kaya sai ta juya shi baibai, ta fito bakin ƙofa inda haske yake, ta bi ɗinkin da ido daga farko har ƙarshe. Mai sauri sai ya yi haƙuri.

Mijinta tsohon direban bas ne. Tun da ya ajiye aiki ya kafa benci a ƙofar shagon, daga nan yake koya wa motocin da ke wucewa tuƙi, ba tare da sun ji shi ba. In suna zaman lafiya Malam take ce masa. In ka ji ta ce Direba, to ya taɓo ta.

Na ukunsu shi ne Ƙyalle. Shekara shida da suka wuce, wata safiya da aka kwana ana ruwa, Goggo ta tarar da ɗan kwikwiyo ya shige buhun ƙyallayen da ta ajiye a waje don masu shara, yana ta karkarwa. Ta ce zai zauna ne kawai har ruwa ya ɗauke. Ruwan ya ɗauke tun kafin azahar. Kare ne gajere, ja-ja, kunnensa ɗaya fari, ba ya haushi sai in babur ya yi ƙara. Wurin kwanciyarsa gefen takalmin Goggo na hagu, inda ƙafar keke ba ta kaiwa. Ba ta taɓa cewa tana sonsa ba. Amma ranar da 'yarta ta gayyace ta hutun mako biyu, kwana huɗu ta yi ta dawo, wai ta tuna ta bar wa wani wando ba ta gama ba.

Ranar Larabar da abin ya faru, Malam ya shigo da nama a ƙunshe cikin takarda, suka ci tare a shago. Ya jefa wa Ƙyalle ɗan ƙashi, ita kuma ta dunƙule takardar mai maiƙo ta wurga kwando. A kwandon akwai curin zaren nailan da ta farke daga wata jakar makaranta da safe, irin zaren nan da ko da haƙori ba ya tsinkewa. Malam ya tafi aski. Goggo ta koma kan keke.

Can ta ji kare yana kakari. Ta leƙa ƙasa, ta gan shi yana shafa baki da ƙafa, zare baƙi yana reto daga gefen leɓensa. Hannunta ya riga tunaninta. Ta naɗe a yatsa ta ja, ya biyo ta kamar taƙi ɗaya, sai ya tsaya. Ta ƙara naɗi ta fizga yadda ta saba. Zaren bai tsinke ba. Ƙyalle ne ya yi wani kuka da ba ta taɓa ji a bakinsa ba, siriri, kamar na jariri. Ta saki da sauri, ta ɗauki almakashi ta yanke zaren daidai leɓe. Kare ya lallaɓa can ƙuryar tebur ya kwanta, ita kuma ta gaya wa kanta cewa shi ke nan, sauran zai wuce.

Da yamma bai ci abinci ba. Washegari da safe ya yi amai sau uku, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Ya tsaya a tsakiyar falo ya gantsare baya, kai a ƙasa, kamar mai jiran a doke shi.

"Ƙashin nan ne," in ji Malam. Ya zauna a hannun kujera ya dafe goshi. "Sau nawa kika hana ni. Ni da taurin kai."

Gaskiya ne, ta sha hana shi. Amma Goggo ta ɓoye masa zancen zaren. Tsoro ne ya kama ta, sai kuma kunya, wadda ta fi tsoron nauyi. Shekara talatin da huɗu mutane suna kawo mata abin da suka ɓata tana gyarawa, tana haɗa musu da faɗa. Ba ta san yadda ake tsayawa a ɗaya gefen teburin ba. Ta ce masa kawai ya ɗauko tawul, su tafi asibiti.

Malam ya rungumi karen a bayan tasi. Direban ya sha kwana ba sigina, ya taka burki a makare, Malam bai ce masa uffan ba. A nan Goggo ta san lallai hankalin mutumin ya tashi.

Asibitin dabbobin ɗakuna uku ne a jere, da warin maganin goge ƙasa, da wani babban ma'auni a bakin ƙofa. Wata mata tana zaune da kyanwa a cikin kwando, kyanwar tana zagin kowa. Likitar yarinya ce a idon Goggo, ba za ta girmi autarta ba, mai magana a hankali. A bakin aljihun farar rigarta akwai zare yana reto. Goggo ta gani. Ta haɗe hannuwanta biyu a kan jaka ta riƙe gam.

"Baba, me ya ci jiya?" likita ta tambaya tana matsa cikin karen da yatsu.

"Ƙashi na ba shi, 'yata. Laifina ne."

"Mama, ke kin ga ya ɗauki wani abu?"

Goggo ta kalli ƙasa. "Shago ne, komai akwai," in ji ta.

Aka ɗauki hoton cikinsa. Likita ta kira su gaban allon, ta nuna da bayan biro. Ta ce babu ƙashi, Baba ya kwantar da hankalinsa. Hanjin dai ya ɗan taru wuri ɗaya, ga shi nan, amma ba ta ga abin da ya toshe shi ba, kuma yawan amai ma yakan sa hoto ya fito da rikici. Shawararta a bar shi a sa masa ƙarin ruwa, gobe da safe a sake ɗaukar hoto a gani.

Goggo ba ta san hanji ba, ba ta san hoto ba. Amma abin da ke kan allon nan ta san shi. Ta yi shi a kugun siket sau dubu: ka bi yadi da zare, ka riƙe bakinsa ɗaya, ka ja ɗayan, yadi ya taru ya yi lanƙwasa-lanƙwasa a jere. Kuma ta san abin da ke faruwa in yadin mai laushi ne, zaren kuma nailan.

"Tattara ce," ta ce.

"Na'am, Mama?"

"Zare ne a ciki. Na nailan. Na gan shi a bakinsa jiya, na ja." Ta nuna allon da yatsa. "Sau biyu na ja. Na biyun da ƙarfi. Da ya yi kuka na yanke."

Likita ba ta yi mata faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ajiye biro, ta yi wa karen allurar da ta sa jikinsa ya saki, ta buɗe bakinsa, ta ɗaga harshen da ɗan ƙarfe. Ga zaren can ƙarƙashi, ya zagaye gindin harshe ya nutse cikin nama. Ta ce zare ba ya fitowa a hoto, shi ya sa. Nan ya maƙale, sauran kuma hanji yana ta ƙoƙarin tura shi gaba, yana tattaruwa a kansa, zaren yana yankarsa a hankali.

"Ba za mu kai gobe ba," in ji ta. "Yanzu za mu shiga. Da kin yi shiru, Mama, ban san me zan tarar da safe ba."

Awa uku suka yi a kan bencin waje. Rana ta juya daga ƙafafunsu ta hau bango. Malam bai dube ta ba har tsawon lokaci. Ya tashi ya tsallaka titi, ya dawo da ruwan gora biyu, ya buɗe ɗaya ya miƙa mata.

"Kin bar ni ina ta zagin kaina tun safe," ya ce.

"Na bar ka."

"Har a gaban yarinyar nan."

"Ka yafe mini, Malam. Bakina ne ya yi nauyi."

Ya sha ruwa, ya goge gemu. "Na taɓa goge madubin wata mota da bas, na ce ba ni ba ne. Shekara ashirin ke nan, har yanzu ina ganin fuskar mai motar." Ya rufe gorar. "Sha ruwanki. Ai kin faɗa a inda yake da amfani."

Da likita ta fito, hular tiyata tana hannunta, ta ce yana raye. Wuri uku ta buɗe hanjin kafin ta fitar da zaren gutsi-gutsi. Wuri ɗaya ya riga ya huje, sai da ta yanke tsawon yatsa ta haɗa bakin biyu. Ta nuna musu zaren a cikin ɗan kwanon ƙarfe. Goggo ta auna shi da ido, ya fi kamu biyu.

"Wane irin ɗinki kika yi masa?" ta tambaya.

Malam ya taɓa ta da gwiwar hannu, amma likita murmushi ta yi. Ta ce ɗaya-ɗaya, kowane da ƙullinsa, da zare mai narkewa da kansa.

"Tazara fa?"

Likita ta nuna da farce. Goggo ta gyaɗa kai, tazarar ta yi mata.

"Kin juya kin duba cikin?"

"Wannan ba ya juyuwa, Mama. Na cika shi da ruwa na matsa, bai yi yoyo ba. Iyakar abin da zan iya gani ke nan." Sai ta daina murmushin. Ta ce in ɗinkin zai saki, tsakanin kwana na uku da na biyar yake saki. In jikinsa ya yi zafi ko cikinsa ya kumbura, su kawo shi a guje. In kuwa ya ci abinci ya zauna, har ya yi bayan gida mai kyau, ba jini, ba baƙi, to abinci ya bi ta wurin ya wuce lafiya. Daga nan za ta iya ce musu su saki jiki.

Bayan kwana biyu suka dawo da shi gida, cikinsa a aske, ɗinki a jere tun daga ƙirji, an sa masa wani abin roba a wuya kamar mazurari don kada ya lashi ciwon. Goggo ta rufe shago. Ban da tafiyar nan wurin 'yarta, rabon da ta rufe shi kwanaki a jere tun haihuwar autarta. Ta sauka sau ɗaya kawai, ta kwashe kwandon ƙyallaye ta ba masu shara, ta sa bokiti mai murfi a wurinsa.

Malam ne yake ba shi magani, don ita ta ƙi taɓa karen. Tana dafa kaza da shinkafa ba gishiri yadda likita ta ce, ta daka da cokali, ta miƙa wa Malam kwanon, ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya. Gani take in ta kai hannu kusa da bakinsa zai tuna. Shi kuwa Ƙyalle bai san da wannan shari'ar ba. Da yammar ranar ya miƙe daga kan bargonsa, ya tako a hankali, mazurarin ya bugi ƙafar tebur, ya ja baya, ya bugi kujera, ya sake gyarawa, har ya iso inda take. Ya yi ƙoƙarin ɗora haɓarsa a ƙafarta, robar ta hana shi. Sai ya tsaya haka nan yana kallonta daga cikin mazurarin. Goggo ta zame ta zauna a ƙasa, ta zura hannu ciki ta sosa masa bayan farin kunnen. Ya lumshe ido.

Kwana na uku ya ƙi cin komai. Ta auna zafinsa sau biyar, ta rubuta da allin yanka a bayan ƙofa. Ta kan durƙusa ta kalli cikin ta gefe, ta tambayi Malam ko ya ga kamar ya tashi. Malam ya ce bai tashi ba. Ta ce ya sa tabarau ya sake dubawa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ɗinkin yana nan kusa da tafin hannunta, fata kawai ta raba su, amma ba ta da ikon fitowa da shi bakin ƙofa ta gani a haske.

Kwana na huɗu ya lashe cokali uku daga hannunta, da rana ya ƙara biyar. Bai yi amai ba. Saura ɗayan sharaɗin.

Sau uku a rana Malam yake sauko da shi daga bene a rungume, yana haki, Goggo tana biye da igiya. Sai su ajiye shi a gefen titi su tsaya. Ƙyalle ya shinshina gindin turken wuta, ya yi fitsari, ya kalli motoci, ya ɗago kai ya dube su, wato shi ya gama. Kafin kwana na biyar duk layin ya san abin da ake jira. Mai kantin magani in ta buɗe ƙofa ba ta ma gaisuwa, sai dai ta ce, "Goggo, ya yi?" Goggo ta ce, "Bai yi ba." Mai gyaran agogo ya ce shi a saninsa abu in an zuba masa ido ba ya tafiya, su riƙa kallon wani wajen. Malam ya gwada, ya juya baya yana karanta allon kanti. Wani mutum ya zo karɓar wandonsa, ya ji labari, ya ce babu komai, zai saka tsohon.

Goggo ta kira likita da yammar kwana na biyar. Likita ta ce tunda yana ci kuma ba zafi, su ƙara haƙuri zuwa gobe, cikin ya daɗe babu komai. In gobe ta wuce, su kawo shi. Goggo ta ajiye wayar ta ce wa Malam yarinyar nan ta iya magana mai sanyi, amma ita ta ji "su kawo shi" ɗin da kyau.

Safiya ta shida, wajen ƙarfe bakwai da rabi, titi cike da 'yan makaranta da masu tafiya aiki. Malam ya sauke karen. Ya shinshina turken, ya wuce shi. Ya je gefen magudanar ruwa, ya zagaya sau ɗaya, ya zagaya sau biyu, mazurarin yana goge ƙasa. Malam ya fara cewa wani abu, Goggo ta damƙe hannunsa. Kare ya tsuguna.

Matar da ba ta barin kowa ya shiga shagonta sai ya karkaɗe takalmi, ita ce ta ciro tabarau daga jaka ta sa, ta tsinci ɗan kara, ta durƙusa a gefen titi da sassafe. Ta duba yadda likita ta ce, a nitse, daga wannan bakin zuwa wancan. Ba jini. Ba baƙi. Mai kantin magani ta fito da makulli a hannu ta tsaya. Mai agogo ya leƙo da gilashinsa a ido ɗaya.

"Ɗinkin ya riƙe, Malam," in ji Goggo.

Malam ya miƙo mata hannu, ta kama, amma ba ta tashi ba. Kukan da ta riƙe tun ranar Laraba ne ya zo mata a nan, a durƙushe, kara a hannu ɗaya, hannun mijinta a ɗayan. Ƙyalle ya juyo ya tura mata mazurarin a kafaɗa yana kaɗa wutsiya. Wata bas ta rage gudu, fasinjoji suna leƙowa ta taga.

"Tashi mana, Mai Keke," Malam ya ce a hankali. "Mutane suna kallo."

"Su kalla," in ji ta.